Ƙwallon da Ta Wuce Layi

A bayan raga ya fara ganinta. Yana ɗan shekara sha shida, yana tsare wa ƙungiyar unguwa gida, kowa Gola yake kiransa har sunansa na yanka ya ɓace. Ita kuwa Auta, ƙanwar Kyaftin ɗinsu, ita ke kawo jarkar ruwa duk ranar wasa.

Ta miƙo masa kofi ta wata ɓular raga.

"Ungo, sha. Ko ka samu ƙarfin kama ɗaya yau."

"Wa ya ce miki ba na kamawa?"

"Uku aka ɗura maka wancan satin. Ina nan tsaye."

Ya sha, ya mayar mata da kofin. Amma tun daga ranar, in ya kama ƙwallo, baya yake fara waigawa.

Mahaifinta, Baba Tela, shi ya ɗinka musu riguna da hannunsa, shuɗi da farar lamba. Ranar wasa rufe shago yake, ya zo da tef ɗin awo a wuya, yana ihu har muryarsa ta dishe. Da asuba shi ke tayar da Kyaftin gudu. Kullum maganarsa ɗaya: "Ɗana sai babbar ƙungiya."

Sai ga wasan ƙarshe na kofin 'yan ƙasa da shekara sha bakwai. Wani mai neman 'yan wasa ya zo da ɗan littafinsa. Iyaye sun cika bakin fili. Ana ɗaya da ɗaya, saura minti biyu, aka sheƙo ƙwallo. Gola ya faɗi a kanta, ya jawo ta ƙirjinsa. Alƙalin wasa na nesa, ya ce a ci gaba.

Gola ya miƙe. Ya dubi layin farar ƙasa. Ya ɗaga wa alƙali hannu.

"Ta shiga."

Aka cinye su. Mai littafi ya ɗauki yara biyu a wancan ɓangaren, ya tafi.

"Ka kashe min ɗa!" in ji Baba Tela, yana nuna Gola da yatsa.

Mahaifin Gola, mai gyaran keke, ranar kaɗai ya taɓa zuwa kallo. Ya goya shi a bayan keke har gida. A bakin ƙofa ya ce, "Ɗaga kanka. Je ka yi wanka." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Shekara bakwai ta wuce. Gola ya gaji shagon mahaifinsa, ya ƙara da gyaran babur. Auta ta zama malamar firamare. Duk yamma tana biyowa ta gaban shagon, wai hanyar ta fi kusa. Ba ta fi ba.

Wata rana saƙonta ya shigo:

"Golana, na bi ta filinmu. An cire raga, an jera shaguna. Amma na gane inda nake tsayawa."

Ya goge baƙin mai a wando, ya rubuta:

"Ni har yau waige nake, Mai Ruwana."

Ya tura kawunnansa neman aurenta. Baba Tela ko ƙafa bai ɗauke daga keken ɗinki ba.

"Wanda aka ba tsaron gida ya buɗe ƙofa da kansa? Shi zan ba 'ya? Ku sauka lafiya."

A lokacin ne tsohon Lamba Tara na ƙungiyar ya fara zuwa neman Auta da mota. Baba Tela har kujera yake ba shi, su yi ta tuna ƙwallayen da ya ci. Gola ya hangi motar sau biyu a ƙofar gidan. Sati biyu bai tura mata saƙo ba.

Saƙo ya zo:

"Ashe kai golan nan ne mai barin raga in ya ga ɗan gaba? Ban fita wajensa ba ko sau ɗaya. Ka koma gidanka ka tsaya."

Ya karanta sau huɗu. Ya rubuta: "Na tsaya."

Washegari Auta ta shiga shagon mahaifinta, Kyaftin na biye da ita. Yanzu kafinta ne, hannunsa duk ya yi kanta.

"Baba," in ji Kyaftin, "zan faɗi abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar da aka cinye mu, barcin da na yi ban taɓa irinsa ba. Ƙwallon nan kai kake so. Ni katako nake so."

Keken ya ci gaba da ƙara.

Auta ta durƙusa. "Baba, da aka kusa tashi ka baro bakin layi, ka dawo bayan raga. Kafaɗarka na taɓa tawa. Abin da na gani kai ma ka gani."

Keken ya tsaya. Baba Tela ya ɗago kai.

"Ku kira min shi."

Gola ya zo da kayan aiki a jikinsa, ya gaishe shi daga bakin ƙofa. Baba Tela ya zare tef daga wuya.

"Matso. Buɗe hannu."

Ya auna kafaɗa. Ya auna tsawo. Yana duƙe, bai ɗago ba, ya ce:

"Ta shiga. Da taƙi guda. Shekara bakwai ina sane."

"Baba, ni..."

"Yi shiru, kana ɓata min awo. Yaron da ba wanda ya kama shi ya kama kansa, ban ga wanda zan ba amana ba in ba shi ba."

Ranar ɗaurin aure tsoffin 'yan ƙungiya suka hallara, wasu da tumbi, wasu da 'ya'ya a kafaɗa. Har Lamba Tara ya zo, ya ce wannan karon an tare shi.

Da ango ya zo sa rigar da Baba Tela ya ɗinka masa, ya ji wani abu a cikin wuya. Ya juya rigar. Ƙyalle ne shuɗi, da farar lamba ɗaya, an ɗinke shi yadda ba mai gani.

Baba Tela ya dafa kansa. "Ga gida nan, ka tsare. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku masu faɗin gaskiya."

"Amin," in ji Gola. Ya waiga. Auta tana nan baya, tana murmushi.