Zuciyar Da Ta Rage A Tsohuwar Na'ura

"Gobe za a ɗauke tsohuwar na'urar nan," in ji shugabar sashe. "Za a goge komai na ciki."

Auta ta juya ta ƙura wa na'urar ido...

Aikinta duba zuciya. Ta shafa wa majinyaci mai a ƙirji, ta ɗora kan na'ura, sai ga zuciyarsa a allo tana motsi. Zukatan jama'a ta sani ciki da waje, amma ko abincin rana ita kaɗai take ci.

A cikin na'urar akwai wani guntun hoto mai motsi da ta ɓoye. Na zuciyar Injiniya ne, mai gyaran na'urorinsu. Da ya gama gyara sai ya haye gado ya ce, "Gwada a kaina, Malama, kar a fara da bayin Allah."

Daga gwaji aka zarce soyayya.

Ran da ya je gidansu neman aurenta, yayanta ya ce ƙanwarsa ta fi ƙarfin mai yawo da jakar ƙarafa, ga wani likita yana jiran aurenta. Ita kuwa uwar surutu ta sunkuyar da kai, ta yi gum. Shirun nan ne ya kore shi. Likitan ma ba ta aura ba. Kullum in an tashi aiki takan kunna hoton, ta zauna tana kallo, kewa na cinta.

Washegari aka turo sabuwar na'ura. Mai turowar kuwa Injiniya ne!

"Ina kwana, Malama," ya ce, idonsa a ƙasa.

Ya buɗe tsohuwar zai goge, sai hannunsa ya tsaya.

"Har yanzu kina ajiye da wannan?"

"Shi kaɗai ka bar min..."

"Ke kika bar ni a tsaye gaban yayanki."

Ya goge. Allon ya yi baƙi, hawayenta suka zubo.

Ya haɗa sabuwar, ya ɗauki jakarsa.

"Ba ka gwada ba!" ta ce.

Ya daɗe yana kallonta kafin ya kwanta. Ta ɗora kan na'urar. Ga zuciyar nan, ba ta ajiya ba, ta yanzu, tana gudu kamar an biyo ta.

"Na'urar ce ke da matsala," ya ce.

"Ƙarya kake, masoyina." Ta share ido. "Ka dawo gidanmu. Wannan karon kai ka yi shiru, ni zan yi magana."