Kabewar da Ta Durƙusar da Jaki

A wani ƙauye can da, an yi wata tsohuwa, Iya Tasalla, mai kabewa tushe ɗaya. Ran nan jakin maƙwabcinta Tanko ya tattake yaɗon, ya karya shi.

Mutane suka ce, "Iya, kai ƙara!"

Ta ce, "Kafin in dawo, ai rana ta ƙarasa ta."

Ta zauna tana rufe kowace gaɓa da ƙasa mai danshi. Wannan gaɓa ta yi saiwa, waccan ma ta yi. 'Ya ɗaya ta tsira, ta yi ta girma, ta yi ta girma, har ta fi turmi.

Ran girbi Tanko ya kawo jakin don dako. Da ƙarti suka ɗora masa ita, sai ya durƙusa.

Tanko ya riƙe baki, ya ce, "Ikon Allah!"

Iya ta shafa kan jakin, ta ce, "Tashi, na yafe."