Baƙin Wando a Shagon Niƙa

Hantsi ya dubi ludayi wata mata ta shigo caji ofis, riƙe da mabuɗi a hannu kamar wadda aka ba ajiyar garwashi.

Saje ya kai ta gaban Sufeto. Shi wannan Sufeto, Ƙi-Gudu ake ce masa, don an ce ya taɓa faɗa wa 'yan fashi da kulki kaɗai. Dogo ne, ga tsafta har ta so ta yi yawa. Baƙin wandonsa kullum da karin guga kamar bakin wuƙa, takalminsa kuwa sai ka gyara hularka a ciki.

"Zauna, baiwar Allah. Me ke tafe da ke?"

"Yallaɓai, ni ce matar mai niƙan nan da bel ɗin inji ya fizga, ya rasu. Tun ranar na rufe shagon. Yanzu na sami mai son haya, na je na buɗe, sai na tarar da inji kamar kazar da aka fige. An kwance cikinsa, an yashe wayoyin jan ƙarfen kaf."

"An fasa kwaɗon?"

"Ko ƙwarzane babu. Mabuɗin ɗaya ne, a wuyana yake kwana." Ta sunkuyar da kai. "Mutanen layin sun ce marigayin ne. Wai da tsakar rana ake ganinsa ciki, fari fat, yana kwance kayansa."

Biron Sufeto ya tsaya.

To, kowane ƙato da abin da ke kayar da shi. Tun Sufeto yana ƙarami yayansa ya lulluɓa da farin zanen gado, ya laɓe masa a ɗakin ajiya. Ranar har wando ya jiƙa, gida ya kwashe da dariya. Yayan ya daɗe da mantawa. Shi kuwa ƙanen ya girma, ya sa kaki, ya tara igiyoyi a kafaɗa, amma ko labarin fatalwa aka fara sai tsoro ya kama shi. Matarsa ma ba ta sani ba.

"Saje, ɗauko mota," in ji shi, da murya mai kauri fiye da kullum.

Shagunan layin a jere suke, rufin kwano ɗaya ya rufe su duka. Na niƙa yana ƙarshe, bangonsa ɗaya da na mai wanki da guga. Matar ta buɗe kwaɗo ta ja da baya.

Sufeto ya tsaya a bakin ƙofa. Ciki duhu, ga warin tsohon gari da man inji. Can ƙurya wani farin abu yana lilo a hankali.

Sai ya zaro wayarsa, wadda ba ta yi ƙara ba, ya kara a kunne.

"Na'am, ranka ya daɗe. Ina ji. Saje, duba cikin nan."

Saje kuwa da ya ga babba bai shiga ba, me zai kai ƙarami? Ya zura kai kamar kunkuru, ya janye.

"An sace dai, Oga."

A tsallaken titi akwai wata mai sayar da sabulu, ita ce ta fara ganin fatalwar.

"Da idona, Yallaɓai. Rana tsaka, layi ba kowa. Na leƙa ta 'yan hudojin iskan can, sai ga shi a durƙushe gaban inji, fari tun daga kai har ƙafa. Na zubar da tirena."

"Kin ga fuskarsa?"

"Wa zai tsaya ganin fuska? Kai za ka tsaya?"

Sufeto ya yi gyaran murya. "Ban da shi, wa kike gani a nan?"

"Sai makanikin da ke yi masa gyara. Yakan zagaya bayan shagon, ya daɗe, ya fito ido ja."

Mai guga suka tarar yana fama da wani malamin makaranta da ya ɗago baƙar rigarsa yana nuna masa kafaɗa.

"Dubi nan. Baƙa na kawo maka, ka ba ni mai furfura."

"Sitaci ne, Malam, kakkaɓe za ka yi." Ya juyo ga Sufeto da fara'a. "Yallaɓai, sannu da zuwa. Marigayi aminina ne, kwano ɗaya muke ci. Ni fa tarinsa nake ji ta bangon nan. Irin tarin nan nasa, sau biyu sannan ya ja numfashi. Shawara nake ba ka, kada ka shiga. Wanda ya tafi ta hanyar da ya tafi ba ya son a taka masa wuri."

Sufeto ya gyaɗa kai. Ransa har wani daɗi ya ji da aka ba shi wannan shawara, kuma jin daɗin ya ba shi kunya.

Kafin la'asar an kawo makaniki ofis, siririn mutum, hannu duk baƙin mai.

"Yaushe rabonka da layin?"

"Tun ranar da abin ya faru, Yallaɓai."

"Ƙarya kake. An sha ganinka a bayan shagon."

Makaniki ya kau da kai.

"Wa ya san cikin injin nan kamarka? Wa ke da sifanar kwance shi? Me kake zuwa yi?"

 Makaniki ya ƙura wa tafin hannunsa ido.

"Saje, kai shi bayan kanta. Gobe sai kotu."

Ta ina ya shiga, tunda kwaɗo lafiyarsa lau? Sufeto ya san tambayar tana nan. Ya tura ta gefe, ya ce wa kansa makanikai ba sa rasa dabara.

Washegari da safe ana shirin fitar da makaniki, sai ga wata tsohuwa ta dogaro sanda har tsakiyar ofis. Kurata sun cika wurin, ga masu ƙara a kan benci.

"Wane ne Ƙi-Gudun?"

"Ga ni, Inna."

"Ni na haifi wanda ka kulle. Ka tambaye shi abin da ke kai shi bayan shagon, ya ƙi faɗa, ko? Ni zan faɗa maka. Shi ya ɗaura bel ɗin da ya fizge mutumin. Ba wanda ya ce laifinsa ne, amma shi ya ɗora wa kansa. Zuwa yake ya zauna ya yi kukansa inda ba mai gani. Namiji ne, zai faɗa maka wannan gaban kurata?"

"Inna, mun yi bincike."

"Kun yi?" Ta dube shi daga sama har ƙasa, a hankali, kamar mai taya akuya. "Jiya ina layin, ɗan nan. Da idona na ga ka koma mota. Ni tun ina budurwa nake kai niƙa. Ko bakin ƙofa ka wuce da taki ɗaya sai ka fito da furfura a gira. Kai ka binciki shagon niƙa, ka fito da baƙin wando kamar an ciro shi daga leda?"

 Wani kurtu ya fara tarin ƙarya. Saje ya sami abin kallo a silin.

Sufeto ya dubi wandonsa. Ba wannan ne na jiya ba, amma bai ce komai ba, don na jiyan ma haka ya koma gida. Kunnuwansa suka yi zafi. Da ƙasa za ta tsage, da ya gode mata.

"A dakata da kotun," in ji shi. "Saje, ba ni tocila. Zauna abinka, ni kaɗai zan je."

Rana ta take tsaka ya karɓi mabuɗi wurin matar marigayi. Layi ba kowa, kowa ya fake wa zafi. Ya buɗe kwaɗo.

Ya yi addu'ar da ya iya, ya sa ƙafa.

Farin abin nan yana nan yana lilo. Zuciyarsa ta ce juya. Ƙafarsa ma ta yarda. Sai ya tuna idon tsohuwa a kan wandonsa, ya tuna mutumin da ke bayan kanta saboda shi. Ya matsa, ya miƙa hannu, ya cafke abin.

Rigar aikin marigayi ce a rataye jikin ƙusa, iskar hudoji na kaɗa ta.

Ya daɗe riƙe da ita. Wannan ce ta hana shi aikinsa. Riga.

Ya haska ƙasa. Gari ya kwanta kamar an shimfiɗa, kuma ga sawu a ciki, sawun silifa, dugadugin hagu ya cinye. Fatalwa mai silifa dai bai taɓa ji ba. Ya bi sawun da haske. Daga ƙofa akwai na matar, da ya shigo kaɗan ya koma. Na silifar kuwa bai je ƙofa ba sam. Daga inji yake zuwa gindin wasu buhuna da aka jibga jikin bango, ya ɓace.

Ya ɗaga tocila. Allon silin ɗaya ya goce, gefensa duk shatin yatsu.

Sufeto ya cire hula, ya taka buhunan, ya tura allon. Garin shekara da shekaru ya zubo masa a ka. Ya rufe ido, ya kutsa.

Sama zafi kamar tanda. Bangon da ya raba shagunan bai kai rufi ba, kuma ga hanya a share cikin garin, inda wani ya saba jan ciki. Ya bi ta da rarrafe. Garin ya shige masa maƙogwaro, ya yi tari sau biyu, ya ja numfashi.

A ƙasa ya ji wani abu mai nauyi ya faɗi.

Ya ɗaga allon da hanyar ta ƙare a kai, ya zuro ƙafafu, ya dira kan tulin wanki.

Mai guga yana tsaye, dutsen guga a ƙasa. Ya ga abu dogo, fari tun daga kai har ƙafa, ya sauko daga sama yana tari. Ya durƙushe.

"Aminina, ka yafe mini!" Ya kife fuska a ƙasa. "Zan mayar, wallahi zan mayar. Suna ƙarƙashin zannuwan can, rabi kawai na sayar. Kada ka tafi da ni, ina da 'ya'ya."

Sufeto ya goge fuskarsa da hannu.

"Tafiya da kai kam za a yi. Ɗago."

Mai guga ya ɗago a hankali. Ya dubi idanu, ya dubi igiyoyin kafaɗa da gari ya rufe. Bakinsa ya buɗe, ya kasa rufuwa.

Sufeto ya yaye zannuwan. Ga ƙarafan inji, ga wayoyin jan ƙarfe a nannaɗe, ga sifana. Ya dubi ƙafar mutumin: silifa, dugadugin hagu ya cinye.

"Sitacin ke nan da ke zuba kan rigunan mutane?"

"Duk sanda na ɗaga allon sai ya zubo," in ji mai guga, murya ƙasa-ƙasa. "Injin wanki nake so in saya, Yallaɓai. Na ce shi ya riga ya tafi, ƙarfe me zai yi masa? Ban shirya zancen fatalwa ba. Ranar da mai sabulu ta gan ni ta yi ihu, sai na ga hanya ta samu, na ƙara da zancen tari don kowa ya kauce." Ya dubi allon silin. "Na yi ta faɗa, na yi ta faɗa, har na fara jin tarin da kaina. Rabona da barcin kirki na manta."

"Kuma kana ji aka kulle makaniki."

Mai guga ya sunkuyar da kai. Sufeto bai ƙara ba, don ba mai guga ne ya kulle makanikin ba.

Ya sa masa ankwa, suka fito titi. Mai sabulu tana hango su ta saki tire ta yi cikin gida. Sai da matar marigayi ta kira ta tana cewa Sufeto ne, sannan ta leƙo da ido ɗaya.

Matar ta dubi mai guga ta daɗe.

"Kai ka fi kowa kuka ranar rasuwar," ta ce. 

A bakin caji ofis Saje ya taro shi da tsumma.

"Oga, bari in kakkaɓe maka kafin ka shiga. Mutane sun cika."

"Bar shi."

Haka ya shiga, fari fat, kowane taki na barin sawu a siminti. Ba kurtun da ya yi dariya. Ya miƙa mai guga ga Saje, ya karɓi mabuɗin bayan kanta, ya buɗe da hannunsa.

"Fito, Malam. Ba ƙaryarka ce ta kwanar da kai a nan ba. Ni ne na ji tsoron shiga shagon, na ga kama ka ya fi sauƙi. Ka yafe mini."

Ya faɗe ta yadda kowa zai ji, har na kan benci. Makaniki ya dube shi, ya miƙa masa hannun nan mai baƙin mai. Suka gaisa, hannun kowa ya ɓata na ɗan'uwansa.

Tsohuwa tana nan inda ya bar ta. Ta miƙe da ƙyar, ta sake duban sa daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan wandon.

"To," ta ce. "Yanzu kam ka shiga."

Ta kama hannun ɗanta suka nufi ƙofa. Har ta sa ƙafa waje ta waiwayo.

"Sai dai ka nemi wani mai wankin, ɗan nan. Na layin ka kulle shi."