Haɓar Auduga

Auta ta fito daga ɗakin ɗinkinta da gudu, tef ɗin awo na lilo a wuyanta, ta hau dukan ƙofar sabon maƙwabcinsu, likitan dabbobi. Zomanyarta ta mutu, in ji ta, ya zo ya taimaka.

Ya biyo ta ko takalmi bai gama sawa ba. A ƙarƙashin keken ɗinki suka tarar da Auduga, farar zomanyar da Auta ta tsinta a bakin titi wata biyar da suka wuce, tana kwance ta gefe, ƙafafu a miƙe, ido a lumshe. Likita ya durƙusa ya duba, sai ya kwashe da dariya. Ya ce zomo ba ya zubewa haka sai inda hankalinsa ya kwanta. Daɗi ne ya kayar da ita.

Auduga ta tashi, ta kaɗa kunne, ta zo ta goga haɓarta a takalminsa.

"Wannan kuma fa?" in ji Auta, tana share hawaye.

"Akwai wani ƙamshi a ƙarƙashin haɓarsu da mu ba ma ji. Duk abin da suka goga wa, sun ce nasu ne." Ya ɗago ya dube ta. "Kin ga ke nan na zama ɗan gida."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Maman Auduga, ya mai jiki? Ita ta warke, ni kuma na kamu."

Ta karanta sau uku kafin ta amsa: "Likitana, sai ka rubuta wa kanka magani."

Wasa-wasa magana ta yi ƙarfi har ta kai kunnen Baba, shi kuwa ya ce atafau. Mutumin da ke wuni yana leƙa kunnen zomo ba zai riƙe masa 'ya ba. Ga ɗan amininsa mai shagon taya, ta duba shi da kyau. Ranar da mai tayar ya zo gaisuwa, Auduga ta buga ƙafar baya a ƙasa, ta yi masa gurnani, shi kuma ya ture ta da ƙafa yana cewa wannan ai tukunya ta dace da ita. Auta ta ɗauki abarta ta shige ɗaki. Fuskar Baba ta canja.

Sati biyu bayan haka, Auta ta dawo daga kasuwar yadi ta ga takalmin Likita a ƙofar falo. Ta laɓe a bayan labule.

Baba ne zaune, Auduga a cinyarsa. Yana gaya wa Likita cewa kullum in Auta ta fita shi ke ba ta ganyen latas a ɓoye, yau kuma da ya shafa kanta sai ya ji haƙoranta na ƙara ƙasa-ƙasa. Ko shi ya cuce ta?

Likita ya taɓa cikinta, ya kasa kunne. Ya ce in ƙarar ta yi ƙarfi kuma ta takure ta ƙi abinci, to ciwo ne. Amma wannan mai taushin, godiya take yi.

"Baba, ka lura tana goga haɓa a silifas ɗinka?" in ji Likita.

"Kullum. Na ɗauka ƙaiƙayi ne."

"Ta riga ta sa ka a cikin kayanta."

Baba ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, ba tare da ya waiwaya ba, "Ke mai laɓe, ƙafarki ta fito. Dabbar da ba ta iya munafunci ta zaɓa, ni wane ne? Ka turo manyanka, ɗana. Allah ya yi muku albarka."

Auta ta rufe fuska da yadin da ta sayo, daɗi kamar ya kayar da ita irin na Auduga.

Ranar da aka sa ranar aure, gida cike da 'yan'uwa ana ta addu'a, sai aka yi sallama. Wata dattijuwa ce a ƙofa, da kejin zomo a hannu da hoton wata farar zomanya. Ta ce an faɗa mata a nan farar zomanyarta take, wadda ta ɓace wata shida da suka wuce.

Auduga ta sauko daga cinyar Baba, ta tafi kai tsaye, ta goga haɓarta a ƙafar baƙuwar.