Tsohuwa da Dabinon Majami'a

A can wani ƙauye, tun zamanin da, an yi wata tsohuwa mai sharar majami'a. Dabino ɗaya ne a garin, a ƙofar majami'ar, ita ke ba shi ruwa.

Duk shekara idan Lahadin Dabino ta zo, sai mutane su hau shi da adda, su sare ganyen da za su ɗaga suna waƙar Hosanna. In ta yi magana su ce, "Iya, ai na Ubangiji ne."

Ta ce, "To, itacen na wane ne?" Sai su ci gaba da sara.

Ta yi roƙo, ta yi faɗa har muryarta ta dishe. Ana nan suka sare har tohon tsakiya, dabino ya bushe.

Da bikin ya kewayo, Fasto ya zo gidanta, don ya san tana rainon ɗan dabino a bayan ɗaki. Ya ce, "Iya, ko ganye biyu ki ba mu. Ai na..."

"Kada ka ƙarasa, Fasto! Kun kashe uwa, yanzu kun biyo ɗa?"

Ranar Lahadi ta tsaya a ƙofar majami'a da ƙwarya, tana danƙa wa kowa ƙwallon dabino. Haka suka zaga gari suna Hosanna, hannu a dunƙule, sannan ta tasa su bakin rafi suka shuka.

Wani dattijo ya yi gunaguni, "Iya, yaushe wannan zai yi ganyen ɗagawa?"

Ta miƙa masa tulu. "Ɗebo ruwa, Malam. Ai na Ubangiji ne."