Tekun Da Ya Riƙe Yaya Issa

A tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon da ke Paris muka yi faɗan, saura minti goma sha biyu jirgina ya tashi.

Mijina Moustapha ya miƙo min wata leda. Na ɗauka daddawar Inna ce da busasshiyar kuɓewa da muka sayo a kasuwar Château Rouge. Da na buɗe sai na ga gilashin ninƙaya mai rufe ido da hanci, haɗe da wani lanƙwasasshen bututun numfashi da Faransawa ke ce wa tuba.

Ya ce ya samo mana ɗaki na kwana biyu a garin Cassis, a bakin teku kusa da Marseille. Wai akwai wani lungu tsakanin duwatsu inda ruwa ke kwance luf, mutum ya kifa fuskarsa yana kallon kifaye. Ya je can a bara da abokan aikinsa, tun ranar kuma yake tunanina.

Na mayar masa da ledar.

"A tekun da ya ci Yaya Issa kake so in je in yi wasa?"

"Ba wasa na kira ki ba, Ruwaida. Wurin da waya ba ta ƙara nake nema miki."

"Inna fa? Wa zai juya ta? Wa zai yi mata wanka?"

Bai ɗaga murya ba. Da ma ya ɗaga, da ya fi min sauƙi. Ya kalli allon jiragen ya ce, "Na gaji... Ban gaji da ke ba, wallahi. Na gaji da raka ki tasha."

Ya cusa ledar cikin jakata ya juya. Ranar ne karo na farko da bai tsaya ya ga tashin jirgina ba.

Shekararmu uku da aure. Shi yana Aubervilliers, a gefen Paris, yana tuƙa motar kai kaya ta wani sito, takardun zamansa kuma a ɗaure suke da aikin. Ni ina Lyon, da rana ina kula da tsofaffi a wani gida, da yamma in dawo in ɗora da Inna, wadda ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Sati biyu-biyu muke haɗuwa. Sau da yawa idan na isa Paris barci kawai nake yi. Zai dafa shinkafa ya jira ni in farka, in farka kuwa lokacin komawa ya yi.

Yaya Issa shi ne babba a ɗakinmu. Lokacin da Baba ya kawo mu Faransa ina da shekara goma, shi ya riga ya wuce sha takwas, doka ta ce ba ya cikin iyalin da za a ɗauko. Aka bar shi a Damagaram. Sau huɗu yana neman biza ana hana shi. Bayan rasuwar Baba ya ce ba zai bar Inna ta tsufa bai gan ta ba, ya bi ta Agadez ya shiga Libiya. Daga bakin ruwa ya kira mu, yana dariya, ya ce a dafa masa tuwo.

Daga baya aka kira mu aka ce jirgin ruwansu ya nutse. Shekara bakwai ke nan. Babu gawa, babu kabari. Ko a talabijin aka nuna teku Inna kawar da kai take yi.

Bayan faɗan, Moustapha bai daina kira ba. Kullum bayan la'asar zai kira ya gaida Inna, ya tambayi jiki, ya ce min sannu da aiki. Amma ya daina tambayata yaushe zan zo. Da farko na ji kamar an sauke min kaya. A mako na biyu na fara jin tsoro.

Wata safiya na zuba gishiri a kunun Inna maimakon sukari. Ta kurɓa, ta kalle ni, ta shanye tas. Sai da na ɗanɗana ragowar na gane. Na shiga banɗaki na zauna a ƙasa, ko kukan ma ban samu ƙarfin yi ba. A nan na kira Moustapha.

"Ɗakin nan... yana nan?"



"Yana nan, masoyiyata."

Khadidja, maƙwabciyarmu 'yar Chadi, ta yarda za ta kwana biyu da Inna. Na ce wa Inna Paris zan je. Ƙaryar ta yi ta damuna har muka sauka Marseille.

Wurin ba kamar yadda na zata ba ne. Kusan awa ɗaya muka yi muna taka fararen duwatsu cikin rana, ƙafata na zafi, ina haki. Da muka gangara lungun, mutane maƙil. Tawul a jikin tawul, yara na ihu, ƙamshin man rana ya cika ko'ina. Wasu suka bi rigar iyona mai rufe jiki da kallo, wata dattijuwa kuma ta matsa mana wuri tana murmushi.

Na ce masa mu koma. Ya ce to, in huta tukuna, in har na ce mu koma za mu koma.

Na zauna ina kallon ruwan. Kore ne a baki, shuɗi a can gaba, sai walƙiya yake yi kamar bai taɓa cutar da kowa ba. Haushinsa ya kama ni. Ina jin haushin ne ya tashe ni tsaye.

Moustapha ya ɗaura min gilashin, ya gyara igiyar a bayan ɗankwalina. Ya nuna min yadda zan ciji bakin bututun in riƙa numfashi da baki kawai. Na iya iyo, a makaranta aka koya mana, amma rabona da shiga ruwa tun kafin labarin Yaya Issa.

Ina kifa fuskata ƙirjina ya toshe. Na zabura na haɗiyi ruwan gishiri, na fito ina tari ina dukan kafaɗarsa. Ya riƙe ni har na dawo daidai. Ruwan ma iya ƙugu ne.

"Riƙe hannuna. Ba zan sake ki ba. Idan kin matsa sau biyu mu fito."

Na sake kifawa.

Hayaniyar mutanen nan duka ta ɗauke. Babu abin da nake ji sai numfashina yana shiga yana fita ta bututun. Ƙasan ruwan a haske yake, rana na zana layuka a kan yashi. Wasu kifaye farare masu ratsin rawaya suka wuce ta ƙarƙashin cikina a jere, ko kulawa da ni ba su yi ba. Ga ciyawa doguwa tana kwanciya tana tashi. Ga wasu halittu baƙaƙe masu ƙaya sun maƙale a jikin dutse. Wani ɗan kifi mai launi-launi ya tsaya daidai gilashina yana kallona, sannan ya yi gaba.

Ruwan ya ɗauke ni. Shekara nawa ina ɗaga mutane, ina juya su, ina tallafe su, ranar ni aka tallafe. Kafaɗuna suka saki da kansu.

Muna tafe a hankali har muka zo inda yashin ya ƙare. Daga nan ƙasa ta gangara, koren ya koma shuɗi, shuɗin ya yi ta duhu har ido ya kasa bin sa.

Na tsaya cak.

Can ciki yake. Ba nan kusa ba, na sani, can nesa ne wajen Libiya. Amma ruwan ɗaya ne. Wannan da ke taɓa fuskata shi ne ya taɓa tasa.

Na kira sunansa a cikin bututun. Ruwa ya shigo bakina, na matsa hannun Moustapha sau biyu.

A kan wani dutse ya zaunar da ni. Na cire gilashin, hawaye sun taru a cikinsa. Na yi kukan da ban yi ba tun ranar da aka kira mu, don ranar Inna ce ta faɗi, ni ce mai riƙe ta. Moustapha ya yi ta ba ni haƙuri, yana cewa laifinsa ne, bai kamata ya kawo ni ba. Na girgiza kai. Na ce ya ɗaga hannu mu yi wa Yaya addu'a, tunda yau na zo inda yake.

Muka karanta Fatiha da Ƙulhuwallahu, yara na tsalle cikin ruwa a gefenmu.

Bayan nan na ɗora kaina a cinyarsa, barci ya kwashe ni. Da na farka inuwa ta rufe rabin lungun, ƙafarsa ta sage amma bai motsa ba. A lokacin ya gaya min ya je wajen wata lauya kan maganar sauya wurin aiki zuwa Lyon. Ta ce zai iya ɗaukar watanni, zai kuma iya yiwuwa a ƙi. Bai gaya min ba don kada ya sa min rai.

"Idan aka ƙi fa?"

"In sake nema. Ni ma na iya juya mara lafiya, Ruwaida. Ki koya min."

Ranar Lahadi ya rako ni har gida. Ya durƙusa ya gaida Inna, sannan ya fita falo ya ba mu wuri. Na zauna bakin gadonta ina gyara mata matashi. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta shafa hancina da rana ta ƙona.

"Paris ba ta da irin wannan ranar."

Na sunkuyar da kai. Na gaya mata komai, ina jiran ta juya min baya. Ta ƙura wa silin ido.

"Kin shiga ciki?"

"Na shiga, Inna."

"Har kin buɗe ido?"

"Na buɗe."

Ta kama yatsuna ta matse. Muryarta ta yi ƙasa sosai.

"Da sanyi? Shi ba ya son sanyi... tun yana ƙarami."

Na tuna shuɗin nan mai duhu da idona ya kasa bi. Ban san yadda can yake ba, kuma ba zan ƙara yi mata ƙarya ba.

"Inda na kai da ɗumi, Inna. Akwai haske, akwai kifaye. Shiru ne sosai. Mun yi masa addu'a a wurin."

Hawaye ya gangaro ta gefen idonta ya shiga kunne. Na goge mata. Ta rufe ido, na ɗauka barci za ta yi, sai na ji ta ce in kira mijina.

Moustapha ya shigo ya tsuguna a bakin ƙofa.

"Matso, ɗana," in ji ta. "Ita ta gaji. Zo ka ɗaga ni zaune, ka faɗa min irin kifayen."