Gurbin Sarki Oto

Ranar da abin ya fara, Aminatou tana suyar albasa ne, magariba tana kawo jiki a kan benayen Concourse Village, unguwar da suke zaune a ƙasar waje. Mijinta Harouna ya rufe shago da wuri, abin da ko ranar Sallah ba ya yi, ya shigo da ƙunshi a aljihu.

Harouna yana da ciwo ɗaya, tara tsoffin sulallan azurfa na sarakunan Rum. Akwai jerin sarakuna goma sha biyu da masu wannan harka suke haɗawa, shi kuwa ya daɗe da sha ɗaya a akwati mai shimfiɗar karan-miski. Gurbin da ya rage na wani sarki ne Oto, wanda mulkinsa bai yi tsawo ba, don haka sulensa ke wuyar samu. Saboda akwatin nan Harouna ya daina zuwa garinsu Zinder, wai wa zai bar wa gadi. A yammacin nan ya cike gurbin, ya zauna yana murmushi shi kaɗai.

Sai wani abu ya bugi taga. Ɓarɓashin ƙasa ne, jiƙaƙƙe, ga shi kuwa a hawa na tara suke. Falon ya ɗauki ƙamshin rami sabon tono.

'Yarsu Raudatu, mai karatun jinya, ta fito daga ɗaki ta zauna a gaban akwatin, ta naɗe ƙafafu. Ba ta sake tashi ba sai don larura. Kwanaki suka wuce, kowace magariba ƙasa tana dukan taga. In an ja yarinyar zuwa ƙofa, sai ƙafarta ta kafe a dokin ƙofar, maza biyu ba sa ɗaga ta. Ta rame, idanunta suka faɗa. Aminatou ta yi kuka har ta gaji, gidan ya zame musu kurkuku.

Aka kira Malam Abdul-Samed, mutumin zangon Kumasi, mai ruƙiyya. Ya zo bayan la'asar, ya yi ta karatu har hasken taga ya yi ja. Sannan Raudatu, wadda tun tana ƙarama in an yi mata Hausa da Turanci take amsawa, ta buɗe baki da Hausa mai nauyi, cikin muryar tsoho.

"Sassauta, Malam. Ban zo cuta ba."

"Wane ne kai, me kake nema a jikin baiwar Allah?"

"Mai gadi ne. Wani soja ya binne tukunyar sulalla, ya ce in tsare masa har ya dawo. Bai dawo ba. Masu tono suka watsa dukiyar, na biyo wannan ɗaya. Na gaji, ba ni da ikon nisa da shi, ita ma haka."

"Me zai sa ka fita?"

Muryar ta ce, "Ɗayan biyu. A mayar da sulen cikin ƙasa a manta da shi, ko wani ya karɓi amanar da bakinsa."

Malam ya sauke numfashi. Ya dubi Harouna ya ce, "Abu ya zo da sauƙi, maigida. Ɗauko shi, mu sauka filin shaƙatawa mu binne."

Harouna ya kalli 'yarsa, ya kalli akwatin. Jerin ya cika cif, kawunan sarakuna suna ƙyalli. Abin takaici, a wannan lokacin ma lissafin ɗan kasuwa ne ya zo masa: ga hanyar da zai ceci yarinya, kuma sule ya zauna.

"Bon," ya ce da Faransanci, "ai nawa ne, ni na saya. Na karɓa."

"Kada ka..." in ji Malam, amma magana ta riga ta fita.

Raudatu ta yi atishawa, ta zube a jikin uwarta. Labulen taga ya motsa, ƙamshin ƙasa ya ɗauke. Da ta farfaɗo ta nemi ruwa, da Turancinta na kullum.

Malam ya ɗauki jakarsa. Harouna ya tashi zai raka shi, ya kai dokin ƙofa, ƙafarsa ta tsaya. Ya gwada ɗayar, ita ma ta tsaya.

Yanzu Aminatou ce ke buɗe shago. Malam ya dawo ya yi karatu, ya ce babu aljani a gidan, alkawari ne kawai, kuma maganinsa bai canja ba. Raudatu ta warke sarai, tana fita tana dawowa, sai dai duk abin da aka faɗa ranar nan ta ji shi. Wata magariba ta durƙusa kusa da ubanta, ta haɗa Hausar da take da ita.

"Baba, ba ni shi in binne. Sai ka fita, ka je Zinder."

Harouna ya daɗe yana kallon ƙofa, hawaye na bin gemunsa. Sannan ya ja akwatin jikinsa.

"Sai su koma sha ɗaya," ya ce.